Majami'u a Ƙarshen Duniya: Mutanen Wales a Patagoniya

Idan muka bi taswirar Kudancin Amurka har can ƙasa inda ta tsuke, za mu tarar da Patagoniya, yanki mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan ɗaya, wanda Ajantina da Chile suka raba. Duwatsun Andes sun ratsa shi. Yammacinsu akwai ruwan sama, dazuzzuka da ƙanƙara. Gabashinsu kuwa busasshen fili ne mai sanyi, iska ba ta hutawa.

A wannan busasshen ɓangare ne jirgin ruwa mai suna Mimosa ya sauke mutanen Wales kusan 150, ran 28 ga Yuli, 1865, bayan tafiyar wata biyu daga Liverpool. Me ya raba su da gida? Wani fasto, Michael D. Jones, ya ga 'yan'uwansa da suka yi ƙaura zuwa Amurka suna mance harshensu. Ya nemi wuri mai nisa inda za su rayu, su kuma yi sujada da harshen iyayensu.

An yi musu albishir da ƙasa mai albarka, suka iske ƙaya da ƙura. Yawancinsu ba manoma ba ne. Shuka ta ƙi, yunwa ta matsa. Sai taimako ya zo ta hannun Tehuelche, 'yan asalin ƙasar, waɗanda ba harshe ko addini da ya haɗa su. Suka koya musu farauta, suna ba su nama su karɓi burodi. Daga baya Aaron Jenkins da matarsa Rachel suka haƙa lambatu, suka jawo ruwan Kogin Chubut zuwa gonarsu. Alkama ta yi kyau, saura suka yi koyi. Har yau majami'unsu suna tsaye a kwarin, a Gaiman kuma akwai masu jin harshen Wales.

Ga abin lura: sun ƙetare teku domin su keɓe kansu, amma Ubangiji ya ciyar da su ta hannun maƙwabta. Da sun rufe ƙofa, da ƙaburbura kawai suka bari. Mu ma muna ƙaunar Littafi Mai Tsarki da waƙoƙinmu na Hausa, kuma daidai ne mu riƙe su. Amma kada riƙon nan ya zama katanga tsakaninmu da maƙwabcin da ba ya shiga majami'armu. Wa ya sani ko ta hannunsa Allah zai amsa addu'armu?

Ubangiji ya ba mu zuciya mai karɓa. Amin.