Kura da Shan Bugu: Wa Ya Ƙirƙiri Sitiyari?

A karatuna na tarihin mota na lura cewa babu tambayar da ta fi tayar da jijiyar wuya kamar "wa ya fara?" Kowace ƙasa tana da gwaninta, kowane gari yana da maƙerin da yake tutiya da shi. Sitiyari da kayan haɗinsa sun isa misali.

Matsalar juya taya ta girmi mota. A keken doki na da, tayoyin gaba biyu suna kan sanda ɗaya mai juyawa daga tsakiya, saboda haka kwana mai tsanani takan kifar da keken. A wajajen 1817 wani maƙerin kekunan doki a birnin Munich, Georg Lankensperger, ya fito da dabarar da kowace taya za ta juya a kan mazauninta, ta ciki ta fi ta waje karkata, tunda da'irar da take bi ta fi ƙanƙanta. Wakilinsa a Landan, Rudolph Ackermann, mai sana'ar ɗab'i, shi ya yi wa dabarar rajista a Ingila a 1818. Har yau ɗaliban injiniya da sunan Ackermann suke kiranta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ingilawa kuwa suna cewa likitansu Erasmus Darwin ya riga su duka biyun.

Shi kansa sitiyarin da hannu ke riƙewa daga baya ya zo. Motar Karl Benz ta 1886 da sanda ake juya ta, irin ta akalar jirgin ruwa. A tseren Paris zuwa Rouen na 1894 Alfred Vacheron ya tuƙa motar Panhard mai sitiyari zagayayye, kuma zuwa 1898 kamfanin ya mayar da shi ƙa'ida a motocinsa. Duk da haka, a jihar Ohio ta Amurka akan jingina wannan fasaha ga Alexander Winton na Cleveland ko ga kamfanin Packard na Warren.

Ban ɗauki waɗannan garuruwa a matsayin maƙaryata ba. Maƙera da yawa sun fuskanci matsala ɗaya a zamani ɗaya, kowa ya ɗora a kan abin da ya tarar. Sai dai tarihi ya fi riƙe sunan wanda ya mallaki takarda fiye da na wanda ya riƙe guduma. Aikin mai nazari shi ne ya bi sawun Lankensperger da ire-irensa, ya mayar musu da sunansu.