Yadda Mutanen Adar Suka Yaƙi Zaizayar Ƙasa

Ƙasar Adar, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, ƙasa ce ta tsaunuka da kwaruruka. Tun da daɗewa manoma ke noman gero a kan tudu, suna shuka dawa da albasa a kwari. Amma farin da aka sha a 1973 da 1984, tare da saran itace da yawan kiwo, sun tsiraita gangaren tsaunuka. Da ruwan sama ya sauka sai ya kwararo da ƙarfi, ya kwashe ƙasa mai albarka, ya bar fako a sama, ya binne gonakin kwari da yashi. Magidanta da yawa suka fita ci-rani.

A 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A wannan shekarar ce kuma aka fara aikin raya karkara na Keita, wanda ƙasar Italiya ta ba da kuɗinsa, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar da shi.

Hikimar aikin ita ce a tare ruwa tun daga inda ya faɗo. A bisa tsauni aka yi kunyoyi da aka ƙarfafa da duwatsu. A gangare aka haƙa ramuka masu tsawon kimanin mita 3, a gicciye, kowane layi yana toshe giɓin na samansa, aka dasa itace a cikinsu. Ramin yana riƙe ruwa har ya nutse, saiwar itacen tana ɗaure ƙasa, ciyawa kuma tana tsirowa a inuwarsa. A ƙoramu aka gina madatsu da duwatsun da aka ɗure cikin ragar waya. An fi dasa itatuwa masu ƙaya irin su daƙwara da bagaruwa, domin suna jure fari.

Mata ne suka ɗauki mafi yawan wannan aiki, tun da maza sun tafi neman kuɗi. Su suka fasa dutse, suka ɗauke shi a ka, ana ba su ladan abinci daga Shirin Abinci na Duniya. Cikin shekara ashirin an dasa itatuwa kusan miliyan 18, dubban kadada na fako suka koma gona da makiyaya.

Sai dai nasarar ta zo da nata rigingimu. Filin da babu mai kulawa da shi sa'ad da yake fako, da ya farfaɗo sai masu shi suka yawaita, makiyayi da manomi kowa na cewa nasa ne. Kunya da madatsa kuwa suna bukatar gyara bayan kowace damina, kuma inda aka yi sakaci ruwa ya sake ɓalle hanyarsa. Shi ya sa masu nazarin Keita ke auna aikin da abin da ƙauyuka suka iya riƙewa bayan tallafin waje ya ja baya.