Lokacin da Ake Rina Ganyen Shayi da Fenti

A gidanmu, komai aka tafasa aka zuba wa sukari sunansa shayi: citta da kanumfari, na'a-na'ar da Mama ta shuka a tsohon bokiti, har da zoɓo in an sha shi da zafi. Amma a wurin masana tsirrai, shayi na asali tsiro ɗaya ne tak, Camellia sinensis, kuma a ƙasar Sin aka fara noma shi. Ko sunan ma aro muka yi: "shayi" daga Larabci ya zo mana, shi kuma tushensa kalmar Sinanci "cha".

Turawa sun daɗe suna shan ganyen nan ba tare da sun san yadda ake sarrafa shi ba. Hatta Carl Linnaeus, wanda ya tsara yadda ake raɗa wa tsirrai suna a kimiyyance, ya ɗauka koren shayi da baƙin shayi tsirrai biyu ne daban. Dalili kuwa, Sin ba ta barin baƙi su wuce bakin teku su shiga yankunan da ake nomansa. Sai dai su saya a tashar jiragen ruwa, an riga an busar, an ɗure a akwati.

Wanda ya warware wannan ruɗani shi ne Robert Fortune, wani masanin lambu ɗan Sikotilan. Ya fara zuwa Sin a 1843, kuma a nan ya tabbatar cewa ganye ɗaya ne, sarrafawa ce ta bambanta. Ka taɓa lura da yadda doya ke canja launi in an fere ta an bar ta a iska? To, abin da ke faruwa ke nan. In aka murje ganyen aka bar shi, wani inzayim da ke cikinsa zai haɗa sinadaransa da iskar oksijin, sai ya yi duhu, ya zama baƙin shayi irin na teburin mai shayi. In kuwa aka gasa shi ko aka turara shi da wuri, zafi zai kashe aikin inzayim ɗin, ganyen ya tsaya kore, irin wanda Buzaye ke dafawa a ƙaramar buta.

A 1848 Fortune ya sake komawa Sin, kamfanin East India na Ingila ne ya tura shi, wannan karon don ya kwaso iri da sirrin sana'ar zuwa Indiya. Ya aske kansa, ya sa kayan Sinawa, ya shiga inda aka hana baƙi shiga. Gaskiya dai sata ce, ko da wane suna aka kira ta. Irin shayi ba ya jure doguwar tafiya, don haka ya shuka shi a cikin wasu akwatunan gilashi rufaffu da wani likitan Landan, Nathaniel Ward, ya ƙirƙiro. Irin ya tsiro a hanya, dubban 'ya'yan shuka suka isa Indiya da ransu.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a tafiyar shi ne abin da ya gani a wurin sarrafa koren shayi. Ma'aikata na barbaɗa wa ganyen wani shuɗin fenti haɗe da garin jifsam, farin dutsen da ake yin filasta da shi, don ya ƙara kore da sheƙi. Su kansu ba sa shan wannan rinannen; na fitarwa waje ne, saboda masu saye a Turai da Amurka sun fi biyan kuɗi a kan mai kyan launi. A lissafinsa, kowane fam 100 na ganyen na ɗauke da fiye da rabin fam na wannan haɗi.

Kada mu ɗora wa Sinawa laifin su kaɗai. A Ingila ma 'yan kasuwa na tattara ganyen da aka riga aka dafa, su busar, su rina, su sake sayarwa, wani lokacin da sinadarai masu ɗauke da tagulla ko darma, waɗanda sun fi wancan fentin haɗari nesa ba kusa ba. Sai da wani likita, Arthur Hassall, ya riƙa sa kayan abinci ƙarƙashin madubin ƙara girma yana wallafa sakamakon a mujallar Lancet daga 1851, sannan jama'a suka farga. A 1860 majalisar ƙasar ta yi dokar hana algus a abinci da abin sha, aka ƙarfafa ta a 1875. Kafin ƙarnin ya ƙare, baƙin shayin Indiya da Silon, wato Siri Lanka ta yau, ya ƙwace kasuwar Ingila daga hannun Sin.

Me ya kawo wannan tsohon labari yanzu? Duba wayarka. Ga shayin rage tumbi, ga na wankin ciki, ga na ƙarin kuzari, duk a niƙe cikin leda mai hoton ganye. Matsalar ba ta canja ba: da zarar an busar da ganye an niƙa shi, ido ba ya iya faɗa maka abin da ke ciki. Kuma hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano magungunan asibiti a ɓoye cikin irin waɗannan kayayyaki da ake tallatawa a matsayin "ganye zalla".

Saboda haka in za ka sayi na leda, nemi lambar rajistar NAFDAC da jerin abin da aka haɗa. Mai juna biyu ko mai shan maganin hawan jini ya tambayi likita tukuna, ko da zoɓo ne zai mayar abin sha na kullum, don shi ma yana ɗan sauke jini. Ita kuwa na'a-na'ar Mama, ba ta rage tumbi, ba ta yi wa kowa alkawarin komai. Amma na ga lokacin da aka shuka ta, kuma ni nake tsinko ta.