Wa Ya Rubuta Ranar da Ungulu Ta Tafi?

Duk wanda ya tashi a garin Hausa a shekarun 1980 zai tuna yadda ungulu ke jeruwa a kan rufin mayanka da rassan kukar bayan kasuwa, ba ta tsoron kowa, babu kuma wanda ya damu da ita. Yau a garuruwa da dama mutum sai ya shekara bai ga ko ɗaya ba. Idan aka tambayi dattijon da ya tsufa a mahauta wace shekara ce ta fara raguwa, guda nawa ke sauka a da, nawa suka rage bayan shekara goma, amsarsa ba za ta wuce "ai da akwai su da yawa" ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sanya wannan ungulu ta cikin gari a rukunin waɗanda ke dab da ƙarewa. Mun ga tafiyarta da idanunmu, amma kusan babu wanda ya rubuta.

A yau akwai manhajojin waya da ke sauraren kukan tsuntsu su faɗi sunansa, kuma su ajiye ranar da aka gan shi da wurin. Abin da ke burge mutane shi ne faɗin sunan. Sai dai wanda ya bi tarihin lamarin zai tarar cewa ajiye bayanin shi ya fi nauyi, kuma sai da aka shafe fiye da ƙarni guda kafin a koyi yin sa yadda ya kamata.

Zamanin bindiga

A ƙarni na 19 masanin tsuntsaye a Turai da Amurka ba ya gaskata idonsa sai ya riƙe tsuntsun a hannu. Yakan harbe shi, ya feɗe shi, ya cusa wa fatar auduga, sannan ya ɗaura wata 'yar takarda a ƙafarsa. Wannan salo ya iso ƙasarmu. A 1920 wani Bature ɗan Sikotlan, Angus Buchanan, ya tashi daga Kano, ya bi ta Damagaram har duwatsun Azbin, yana tara tsuntsaye da ƙananan namun daji domin gidan ajiyar Walter Rothschild da ke garin Tring a Ingila. A farkon shekarun 1930 Rothschild ya sayar da akasarin tarinsa, fatun tsuntsaye kimanin 280,000, ga babban gidan tarihin halittu na birnin Niyok. Haka aka yi mai son nazarin tsuntsayen Sahel sai ya ƙetare teku ya je ya buɗe akwatuna.

Duk da ɓarnar da ke cikin wannan hanya, 'yar takardar ƙafar nan ta bar gado mai amfani. Abubuwa huɗu ake rubutawa a kanta: sunan tsuntsu, wurin da aka same shi, kwanan wata, da sunan wanda ya same shi. Su ne dai abubuwan da waya ke nema daga mai kallo a yau.

Amma fata shaida ce kawai ta cewa tsuntsu ya taɓa rayuwa a wuri kaza, ba ta faɗin yawansa. Amurkawa sun koyi wannan darasi da tsada. Suna da wata tantabarar daji da garkenta kan tare hasken rana in yana wucewa, ana ƙiyasta yawanta da biliyoyi. Aka yi ta harbinta ana loda wa jiragen ƙasa zuwa kasuwannin birane, kowa na ganin abu mai yawa haka ba zai ƙare ba. Ta ƙarshe, wadda aka raɗa wa suna Martha, ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati ranar 1 ga Satumba, 1914.

Mutum 27 da littafin aljihu

A wasu sassan Amurka akwai al'adar fita farauta ranar Kirsimeti: a rabu gida biyu, ɓangaren da ya fi tara gawar tsuntsaye da namun daji shi ne gwani. A 1900 Frank Chapman, masanin tsuntsaye a wancan gidan tarihi na Niyok, ya ba da shawara a mujallarsa cewa a fita a ƙirga maimakon a kashe. Mutum 27 suka amsa, a wurare 25, daga Toronto a Kanada har gaɓar tekun Kalifoniya, suka ga nau'i kusan 90. Tun daga lokacin ba a taɓa tsallake shekara ba, kuma ƙungiyar Audubon ce ke riƙe da kundin.

A hankali masu ƙirgar suka fahimci wani abu. Idan bana an ga hankaka 200, bara kuwa 100, wannan ba ya nufin hankaka ta ƙaru. Mai yiwuwa masu kallon ne suka ƙaru, ko suka fi daɗewa a waje. Saboda haka aka shiga rubuta yawan mutanen da suka fita da sa'o'in da suka yi. Da haka ne lissafin wata shekara ya zama abin kwatantawa da na wata.

Sauran matsalar ita ce gane tsuntsu daga nesa. A 1934 wani matashi mai zane, Roger Tory Peterson, ya fitar da littafin da zai shiga aljihu. Ya jera tsuntsaye masu kama da juna a shafi ɗaya, ya sa 'yan kibau suna nuna inda suka bambanta, kamar farin layi a fiffike ko lanƙwasar baki. Masu ɗab'i da dama sun ƙi karɓarsa. Wanda ya karɓa ya buga kwafi 2,000, suka ƙare nan da nan. Da wannan littafi da madubin hangen nesa, malamin makaranta ko ma'aikacin gidan waya ya iya yin abin da a da sai mai bindiga.

Amfanin wannan haƙuri ya bayyana a 2019, lokacin da mujallar Science ta wallafa binciken da ya nuna Amurka da Kanada sun rasa tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970, wato kashi 29 cikin ɗari. Babban ɓangare na hujjar ya fito ne daga ƙirgar 'yan sa kai ta shekara da shekaru. Da yayyafi kogi kan cika.

Daga littafi zuwa intanet

Duk da haka, mafi yawan abin da masu kallon tsuntsaye ke gani a sauran ranakun shekara yana ƙarewa ne a littattafansu na gida, in mai shi ya rasu magada su zubar. Don toshe wannan ɓaraka ne cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ƙungiyar Audubon suka buɗe shafin eBird a 2002.

Shekarun farko ba su yi armashi ba. An roƙi mutane su taimaki kimiyya, kaɗan ne suka amsa. Wajen 2005 aka sake tsari: shafin ya koma yana riƙe wa kowa jerin tsuntsayen da ya taɓa gani a rayuwarsa, yana rarraba masa su gari-gari da shekara-shekara, yana nuna masa a taswira inda wasu suka ga abin da shi bai gani ba. Da mutane suka ga ribarsu a ciki sai suka yi tururuwa. A 2010 aka buɗe shi ga duniya baki ɗaya, a watan Mayu na 2021 kuma bayanan da ke cikinsa suka kai biliyan 1.

Dabara mafi muhimmanci a eBird tambaya ce ƙarama da ake yi wa mutum kafin ya aika jerinsa: shin duk tsuntsayen da ka iya ganewa ka rubuta? Idan ya ce e, jerin ya zama shaida biyu, ta abin da ya gani da ta abin da bai gani ba. Mutumin da ya zauna sa'a guda kusa da mayanka ya rubuta balbela da shirwa da hankaka da kurciya, babu ungulu, ya kafa hujjar rashinta a wannan rana. In aka tara irin wannan jeri dubu a tsawon shekara goma, za a ga lokacin da ta fara ja da baya da inda ta fara. Akwai kuma matata: in wani ya rubuta tsuntsun da ba a saba gani a yankin ba, ko adadin da ya wuce hankali, manhajar takan nemi hoto ko bayani, sannan wani gwani ɗan sa kai ya duba.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

A 2014 Cornell ta fitar da manhajar Merlin domin sabon shiga. Tambayoyi biyar take yi: a ina ka gan shi, yaushe, yaya girmansa, wane launi gare shi, me yake yi. Sai ta duba kundin eBird ta ga waɗanne tsuntsaye ne ake samu a wannan wuri a wannan wata, ta kawo 'yan kaɗan mutum ya zaɓa. Daga baya aka ƙara mata gane hoto, a 2021 kuma gane sauti, inda ta fara da nau'i sama da 400 na Amurka da Kanada.

Yadda take ji abin lura ne. Wayar tana mayar da sauti zane, tsayinsa na nuna kaifin murya, faɗinsa na nuna lokaci, sai kwamfuta ta kwatanta wannan zane da dubban da aka koya mata. Waɗanda suka koya mata mutane ne, da suka zauna suna sauraren faifai suna yi wa kowane kuka alama da sunan mai shi. Ma'ajiyar sautin da suka yi aiki da ita ta faro tun 1929, lokacin da masanan Cornell suka fara naɗar kukan tsuntsaye.

Daga nan iyakarta ta fito fili. Manhajar ba ta san komai ba face abin da mutane suka riga suka gani, suka naɗa, suka rubuta. Inda masu kallo suka yi yawa takan yi daidai ƙwarai, inda suka yi ƙaranci takan yi shiru ko ta yi kuskure. Wanda ya karɓi duk abin da ta faɗa ya zuba a kundi ba tare da ya ɗaga kai ya tabbatar ba, ya gurɓata ruwan da ita kanta take sha.

Namu rabon

Nijeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900. Dausayin Haɗejiya da Nguru masauki ne na dubban tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai duk kaka. A farkon shekarun 2000 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, tare da Jami'ar Jos, kuma daga can ne a ƙarshen 2015 aka ƙaddamar da shirin zana taswirar tsuntsayen ƙasar, bisa tsarin da Afirka ta Kudu ke bi tun 2007. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsayi da faɗi. Ɗan sa kai zai shiga gida ɗaya ya yi aƙalla sa'a biyu, yana shigar da kowane tsuntsu a manhajar BirdLasser bisa jerin yadda ya gan su, wayar kuma tana ɗaukar wurin da kanta. Ɗalibai da malamai da ma'aikata a Arewa da Kudu sun kafa ƙungiyoyi suna wannan aiki, kuma har yanzu akwai gidajen da ƙafar mai ƙirga ba ta taka ba.

Ilimin tsuntsaye ba baƙo ba ne a wurinmu. Manomi ya san zuwan shamuwa na nufin damina ta gabato, mai gero ya san lokacin da janbaki ke sauka, maharbi na rarrabe kukan fakara da na zabon daji cikin duhun asuba. Abin da wannan ilimi ya rasa shi ne kwanan wata da adadi. Gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa a Nijeriya, ya yi wuyar gani a dajinmu, kuma shi ma bayanin raguwarsa a warwatse yake.

Abin da ake bukata daga ma'aikacin da ke Kano ko Maraɗi ko Zariya bai taka kara ya karya ba: wuri ɗaya da ya saba zuwa, ko bayan gidansa ne, minti 15 a mako, da jeri cikakke wanda bai raina kurciya da balbela ba don yawansu. Tantabarar Amurka ma ai yawa gare ta. Idan shamuwa ta fara makara, ko balbela ta fara ƙaranci, jikokinmu za su so sanin shekarar da abin ya soma, kuma a jerin da aka rubuta yanzu ne kaɗai za su same ta.