Sabar konsol: mece ce, kuma yaya ake kafa ta?

Sabar konsol na'ura ce da ke bai wa ma'aikacin sadarwa damar shiga na'urorin rezo daga nesa, ko da rezon kansa ya tsaya. An fi samun ta a bankuna, kamfanonin waya da manyan ofisoshi.

Kusan kowace ruta, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, tana da kafa ta musamman da ake kira konsol, inda ake jona kwamfuta a ba ta umarni kai tsaye. Sabar konsol tana tattara irin waɗannan kafofi wuri guda. Akwai mai kafa 8, 16, har 48. Opengear, Lantronix da Digi na cikin masu ƙera ta. Idan ruta ta rikice a reshen Tibiri ko Jiratawa, ma'aikacin da ke Maraɗi zai gyara ta daga teburinsa, ba sai ya hau babur ba.

Wajen kafawa, ana fara canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, a ba ta adireshin IP tsayayye, a daidaita agogonta. Sannan a saita kowace kafa daidai da na'urar da aka jona. Yawancin na Cisco suna aiki da gudun 9600. A sa wa kowace kafa suna. A rufe Telnet, domin yana aika kalmar sirri a fili, a yi amfani da SSH.

Babban sharaɗi shi ne ta samu hanyarta daban, kamar layin SIM na Airtel, Moov ko Zamani. Idan layi ɗaya take bi da rutar, tare za su mutu. Haka ma wuta: Maraɗi na samun lantarki daga Najeriya ta layin Katsina, kuma katsewar da aka yi a watan Agustan 2023 ta nuna muhimmancin batiri ko sola.

Wajen gudanarwa, kowane ma'aikaci ya samu sunan shigarsa, a soke na wanda ya bar aiki, a riƙa sabunta manhajarta, a kuma gwada layin SIM duk wata. Wanda ya shiga sabar konsol ya riƙe makullin rezon gaba ɗaya.