Rijistar aron littafi: ranar da aka ce in miƙo ta

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta isa su saurari murya ba, ko kuma sabis ya yi halinsa.

Ƙungiyarmu ta matasa tana da ɗan ɗakin karatu. Shago ɗaya ne, kanta biyu, benci uku. Akwai littattafan jarrabawa, na addini, na tarihi, da na Hausa da ƙannenmu mata suka fi ɗauka. Muna da rijista mai kaurin bango: suna, gari, lambar waya, sunan littafi, ranar ɗauka, ranar maidowa. Irin dai wadda masu hayar littattafan Hausa ke ajiyewa tun muna yara. Ban taɓa kallonta a matsayin wani abu ba, sai wata la'asar da wani mutum ya shigo, babu kaki a jikinsa, ya ce daga wajen tsaro yake.

"Malam, rijistar nan nika so. Akwai yaron da anka kawo muna rahoto nai, muna son mu ga su wa shika zuwa da su nan."

Na ce, "Yallaɓai, ta ƙungiya ce, ba ni kaɗai ke da ita ba. A yi mini haƙuri zuwa gobe."

Wanda ba ɗan yankin nan ba zai ce meye a ciki. Amma ku da ke Katuru, Shinkafi, Zurmi da Ƙaura, kun san nauyin kalmar infoma. Kun san mutum na iya rasa ransa kafin a tambaye shi ba'asi. A shafi guda na rijistarmu akwai ɗan cikin gari, akwai ɗan ƙauye, akwai ɗan ruga, kuma abin da ya haɗa su bai wuce sun ari littafi rana ɗaya ba. A ɗaya gefen kuma, in da gaske akwai mai kai wa ɓarayin daji labari, ni ma ina son a kama shi. Daren nan ban yi barci ba, karatu na yi, kuma abin da na karanta shi na kawo muku yau.

Bin diddigin abin da mutane ke karantawa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Bayan tawayen Satiru kusa da Sakkwato a 1906, Turawan mulkin mallaka sun shiga fargabar Mahadiyya, suka sa ido kan wasiƙu da rubuce-rubucen da ke shigowa daga gabas. A 1923 suka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, jinin Shehu Usmanu, suka kai shi gudun hijira har Kamaru. A 1927 jami'ansu biyu, Tomlinson da Lethem, suka fitar da rahoto sukutum kan yadda ra'ayoyin siyasar Musulunci ke yaɗuwa a Najeriya. Malamin wancan zamani ba shi da wata kotu da zai kai kuka. Inda aka yi wannan jayayya a fili, har ta zama ƙa'idar aiki, shi ne Amurka.

A 1970 jami'an baitulmalin Amurka suka shiga laburare a birane irin su Milwaukee da Atlanta suna neman sunayen waɗanda suka ari littattafai kan abubuwan fashewa. Wannan ya sa a 1971 ƙungiyar laburarorin ƙasar ta fitar da matsaya: bayanan mai aro sirri ne, ba a miƙa su sai da umarnin kotu.

Sai labarin Zoia Horn, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. Ma'aikaciyar laburare ce a Jami'ar Bucknell, jihar Pennsylvania, lokacin yaƙin Vietnam. Akwai gidan yari a garin, kuma cikin fursunonin akwai wani limamin Katolika mai adawa da yaƙin, Philip Berrigan. An ba wani fursuna mai suna Boyd Douglas izinin fita karatu a jami'ar, har yana ɗan aiki a laburaren. Shi ke fito da wasiƙun Berrigan, ya saba da malamai da ɗalibai, ana zama da shi ana hira. Ashe duk abin da ya gani yana kai wa hukumar FBI. Kun ji fa, infoman a cikin laburaren yake. Da wasiƙun aka gurfanar da mutum bakwai bisa zargin shirya sace Henry Kissinger, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A 1972 aka kira Zoia Horn ta ba da shaida a kotu. Ta ce lamirinta ba zai bar ta ba, domin leƙen asiri a wurin karatu yana kashe 'yancin tunani. Alƙali ya tura ta kurkuku, ta yi kwana 20. A ƙarshe ba a samu mutanen da laifin shirya sace kowa ba.

A 1987 kuma aka bankaɗo cewa FBI na zagaya laburaren kimiyya tana tambayar abin da 'yan ƙasashen ɓangaren Sobiyat ke karantawa. Wata jami'a a Jami'ar Columbia, Paula Kaufman, ta ƙi ba su haɗin kai, maganar ta fito a jarida. Yau jihohi 48 cikin 50 na Amurka suna da dokar da ta kare bayanan masu aro.

Gwaji mafi tsanani ya zo ne bayan harin 11 ga Satumba, 2001. Cikin makonni shida aka sa hannu kan dokar PATRIOT, wadda ta faɗaɗa ikon jami'an tsaro na karɓar bayanai. A watan Yuli 2005 jami'an FBI biyu suka je ofishin wata haɗakar laburare a jihar Connecticut, suka miƙa wa shugabanta George Christian wasiƙa. Suna son sanin wa ya yi amfani da wata kwamfuta a wata rana cikin Fabrairu. Wasiƙar ba sa hannun alƙali, kuma ta haramta masa gaya wa kowa cewa ya karɓe ta. Christian ya lura da wani abu: an rubuta ta tun watan Mayu. In rayuka na cikin haɗari, me ya sa ta yi kusan wata biyu kafin ta iso? Shi da abokan aikinsa uku, Barbara Bailey, Peter Chase da Janet Nocek, suka kai ƙara. Ba a yarda a ambaci sunansu ba, ko zauren kotun ba a bar su sun shiga ba, ta talabijin suka kalli shari'arsu daga wani gari. Iyalansu ma ba su san me ake ciki ba. Alƙaliya ta ce toshe musu baki ya saɓa wa tsarin mulki, gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Sai a 2006, bayan majalisa ta riga ta sabunta dokar, aka janye takunkumin, daga baya aka janye buƙatar gaba ɗaya. Wato lokacin da bakinsu zai yi amfani a majalisa, a rufe yake.

Kada ku ɗauka mutanen nan gaba suke yi da jami'an tsaro. A Janairun 2006 an aika saƙon barazana ga Jami'ar Brandeis daga wata kwamfutar laburaren garin Newton. Jami'ai suka zo ɗaukar kwamfutoci, shugabar wurin, Kathy Glick-Weil, ta ce a kawo waranti. A ranar aka samo shi daga alƙali, ta buɗe musu ƙofa. An zage ta sosai a rediyo, wasu na cewa ta ɓata lokaci. Ni a ganina daidai ta yi, domin warantin nan shi ke tilasta mai nema ya faɗi wa yake nema, saboda me, ya kuma sa sunansa a takarda. Wanda ya shigo shagonmu ko katin shaida bai nuna mini ba.

A nan gida, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa, wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma. Dokar ta bar ƙofa ga binciken laifi da tsaron ƙasa, don haka ba ta hana hukuma nema ba. Amma gaskiya, Abuja da nisa. Mu da aka yanke wa layin waya a Satumban 2021, aka rufe mana kasuwannin mako, mun san yadda kalmar tsaro ke share komai a gabanta. Kuma ba laburare kaɗai ba: mai shagon caji, mai POS, mai kemis, kowa na da ɗan littafinsa da sunayen mutane a ciki.

Da safe muka zauna. Wani dattijo da ke mara mana baya ya ce, "Ku yara, ku ba su abinsu ku huta, wa ka jayayya da hukuma?" Ban ga laifinsa ba, ya ga abin da ban gani ba. Wani kuma ya ce a ƙone ta kawai. Nan na ƙi, domin ko can Amurka, da zarar an zo neman bayani ba a lalata shi, yin haka laifi ne na daban. Muka tsaya a kan cewa ba mutum ɗaya zai amsa ba, mu uku za mu tsaya, mu nemi katin shaida da takardar kotu mai ɗauke da sunan wanda ake nema, mu ba da layinsa kawai ba littafin duka ba. Da ya dawo haka muka gaya masa, cikin ladabi. Ya kalle mu, ya ce ya ji. Bai sake zuwa ba.

Tun ranar muka daina rijista. Mun koyi dabarar laburarorin can, da ke goge sunan mai aro da zarar ya maido. Yanzu ɗan guntun kati muke rubutawa, in ka kawo littafi a miƙa maka katinka ka yaga da hannunka. Lambar waya ma mun daina karɓa. Abin ya ja mana asara, don akwai littattafan da suka fita ba mu da hanyar bin sawunsu, har da ƙamus ɗinmu guda ɗaya tal. Wanda yake wajensa, don Allah ya maido, ba za a tambaye shi komai ba.

Tsohuwar rijistar tana nan cikin akwati a gidan shugaban ƙungiya, da kwaɗo biyu, makulli ɗaya wajensa ɗaya wajena. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.