Daga Kamfas Zuwa Aljabara: Tarihin Neman Cibiyar Da'ira

Daga cikin mas'alolin ilmin handasa da suka daɗe a hannun malamai akwai wannan: idan aka ba mutum alwatika, ta yaya zai gano ɗigon da nisansa daga kusurwoyinta uku yake daidai wa daida, har ya kafa ƙafar kamfas a kansa ya zana da'irar da za ta ratsa su duka? Iƙlidis, wanda ya karantar a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, ya warware ta a mas'ala ta 5 ta maƙala ta 4 cikin littafinsa mai maƙaloli 13, inda ya nuna cewa in aka tayar da layi tsaye cak daga tsakiyar gefe guda, aka tayar da wani daga tsakiyar gefe na biyu, to mahaɗarsu ita ce cibiya.

Wannan littafi ya shiga Larabci a Bagadaza ta hannun Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar, zamanin Halifa Haruna Rashid. Daga bisani Is'haƙu ɗan Hunaini ya sake tarjama shi, Sabitu ɗan Ƙurra ya yi masa gyara. Amma wanda ya fi shiga raina shi ne Abul Wafa Albuzjani, wanda ya rasu a 998, domin shi ne ya dubi magina da masassaƙa, waɗanda kullum hannunsu ke kan kamfas amma hujjar aikin ta ɓuya musu, ya wallafa musu littafi a kan abin da mai sana'a ke bukata na handasa.

A Bagadaza dai Alkhawarizmi ya rubuta littafin aljabara wajen 820, sai dai aljabara da handasa ba su haɗu sosai ba sai a 1637, sa'ad da René Descartes, mutumin Faransa, ya buga littafinsa na handasa a Leiden, wanda daga gare shi, da kuma aikin Pierre de Fermat, aka gina hanyar bayyana kowane ɗigo da lambobi biyu. Alal misali, in kusurwoyin suna (0, 0) da (6, 0) da (0, 8), sai a kira cibiyar (x, y), a daidaita nisanta daga ta farko da nisanta daga ta biyu, x ya fito 3. A yi haka da ta uku, y ya fito 4. Nisan kowace kusurwa daga cibiyar kuwa 5 ne.

Lissafin x = 3 ba kome ba ne illa layin nan tsaye na Iƙlidis, an rubuta shi da alƙaluma. Saboda haka ina roƙon malaman lissafi na makarantunmu su fara damƙa wa ɗalibai kamfas da rula su zana cibiyar da hannunsu, kafin a kai su ga x da y.